Tiranzistar da na zubar a shara

Ina da shekara goma sha uku aka kai ni koyon gyaran rediyo. Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana, kuma abu na farko da ya hana ni shi ne in ɗauki mitar auna wuta kafin in saurara. Idan aka kawo rediyo sai ya kunna ta, ya sunkuyar da kai kamar minti guda, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, me ka ji?" In na ce ban ji komai ba sai ya ce in sake. A hannunsa na koyi bambanta gurnanin da ke tashi in kafasita ta bushe da ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa in dalma ta tsage, da kuma karce-karcen da maɓallin ƙara murya ke yi in ƙura ta shige shi. Kafin in kai shekara ashirin har abokan aiki na turo mini abin da ya gagare su, suna cewa a kai wa mai kunne. Wannan suna ya shiga raina sosai, kuma shi ne ya kusa kai ni ƙasa.

Injin ganga na farko da na taɓa buɗewa wani makaɗi ne ya kawo shi, ƙaramin Roland TR-606 da ya daina tashi. Na gyara shi cikin kwana biyu, amma na ƙara kwana uku ina kallon cikinsa, don na kasa yarda cewa babu sautin ganga ko ɗaya da aka naɗa aka ajiye a ciki. Tiranzistoci ne kawai da kafasitoci da rizistoci, wato ƙananan kayan da ke sarrafa wuta a cikin na'ura, suke haɗuwa su ƙirƙiri bugun daga wutar lantarki a daidai lokacin da aka buƙace shi. Daga nan na kamu. Na riƙa neman zanen wayoyin waɗannan injuna ina karantawa da dare, har na kai ga babban yayansu, TR-808, wanda kamfanin Roland ya fitar a 1980 ya daina ƙerawa a 1983, bayan an yi kimanin guda 12,000. A lokacinsa bai samu kasuwa ba, saboda mutane na son injin da ke fitar da sautin ganga ta gaskiya, irin Linn LM-1 da ya fito a shekara ɗaya da shi. Daga baya ne duniyar kiɗa ta dawo tana nemansa ruwa a jallo, ga shi kuma ba a ƙera sabo, sai dai a lallaɓa tsofaffin da suka rage. Masu lallaɓawar ba mu da yawa.

Wanda bai taɓa buɗe wannan inji ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa muke ƙaunarsa. Babbar gangarsa wata 'yar da'ira ce, wato haɗin kayan lantarki da wuta ke zagayawa a ciki, da aka tsara ta tana gab da fara rawa da kanta amma ba ta kai ba. Sai an ɗan zungure ta da wuta na ƙiftawar ido, ta yi amo kusan sau 50 a daƙiƙa guda, amon ya riƙa raguwa har ya mutu, kamar yadda fatar ganga ke yi in an doke ta. Farantan ƙarfensa kuwa, wato sautin farantan nan da makaɗa ke dokawa tare da ganga, daga wasu da'irori shida ake samo su, kowacce na kuka da muryarta, a cakuɗa su a tace, a bar na saman kawai. Biyu daga cikin shidan nan su ne ke ba da sautin kuge. Sannan akwai shuuu ɗin nan mai kama da zubar yashi, wanda ke ba ƙaramar ganga amon tsarkiyarta, ya ba tafi kaifinsa, ya ba caki muryarsa. Wannan shuuu daga tiranzista guda ɗaya tak yake fitowa, wadda aka juya mata wuta ta baya da gangan don ta riƙa hayaniya. Wanda ya kafa kamfanin, Ikutaro Kakehashi, ya bayyana cewa tiranzistocin da masana'anta suka ƙi saboda ba su cika sharaɗi ba su ya saya don wannan aiki, kuma da ƙira ta inganta aka daina samun irinsu, sai ƙera injin ya tsaya. Duk wannan na san shi tun kafin abin ya faru da ni. Ba zan iya cewa rashin sani ne ya ja ni ba.

Ina cikin shekaruna na arba'in tarin fuka ya kama ni, irin wanda ba ya jin maganin farko. Aka ɗora ni kan allura ta watanni. Likita ya zaunar da ni ya gaya mini a fili cewa allurar na iya taɓa ji, kuma in na fara jin ƙara a kunne ko na ga magana na kuɓuce mini in faɗa nan take don a duba abin da za a canza. A wata na uku na fara jin kukan gyare a kunnen hagu, dare da rana. Na yi shiru. Tsoro nake kada a tsayar da maganin in mutu in bar yara, kuma a ƙasan wannan tsoro akwai wani da ban yarda na kalla ba, wato kada a ce mai kunne ya kurumce. Duk zuwan da na yi asibiti ana tambayata, ina cewa lafiya lau. Allah ya ba ni lafiya, huhuna ya warke, na koma kan teburin aikina a rame amma da raina.

Irin wannan rashin ji ba ya zuwa kamar an rufe ƙofa. Daga sama yake fara ci. Muryar mutane ina jinta, amma sai in ga kamar kowa ya koma cin magana, harufa irin su sa da sha da fa suna narkewa. Tsuntsaye suka yi shiru ban lura da ranar da suka daina ba. In maiɗakina ta yi magana daga bayana ban amsa ba, sai in ce hankalina na kan aiki. Ta san ba haka ba ne, amma ta ga yadda fuskata ke canzawa in ta taɓo zancen, sai ta bar ni.

A cikin wannan hali wani bawan Allah ya kawo mini TR-808 ɗinsa. Ya yi tafiya mai nisa, ya naɗe injin cikin bargo kamar jariri. Ya ce na yayansa ne da ya rasu, da shi suka yi duk kiɗan ƙuruciyarsu. Matsalarsa ba ta da yawa. Injin ya daina riƙe kiɗan da aka tsara masa in an kashe shi, kuma wasu daga cikin maɓallan nan 16 masu launi da ke jere a gabansa sai an danna sau biyu ko uku. Na buɗe na ga abin da na zata. An bar batura uku a ciki shekara da shekaru, sun zubar da ruwansu, ya ci ƙarafan mazauninsu ya fara bin waya. Na wanke wurin da ruwan khal don ya kashe kaifin abin da ya zuba, na bi da sifirit, na sake wayoyin da suka ruɓe, na canza maɓallan da suka gaji. Aikin kwana biyu ne, kuma da a nan na tsaya da yau ba ni da labarin bayarwa.

Sai na kunna don gwaji. Babbar ganga ta buga, na ji ta har cikin ƙirjina. Ƙaramar ganga ta buga, amma babu tsarkiya, sai wani tuf kamar an doki kwali. Tafi ya fito a dushe. Caki babu shi sam. Farantan ƙarfe ma babu, sai ɗan tik da ƙyar nake kamawa.

Wannan minti shi ne na fi yawan komawa kansa in barci ya ƙi zuwa. Caki da tsarkiya daga tiranzistar hayaniya suke sha. Farantan ƙarfe ba ruwansu da ita, daga da'irori shida suke. Sassa biyu da ba su haɗa hanya ba, a injin da mai shi bai yi kukan sauti ba, su mutu rana ɗaya, kuma abin da ya haɗa su kawai shi ne dukkansu sautuka ne na sama. Ɗan koyo na shekara biyu zai tsaya ya yi tambaya. Ni ma tambayar ta zo mini, na ji zuwanta, na kore ta. Osiloskof ɗina, na'urar nan da ke zana wutar sauti a allo mutum ya gani da idonsa, yana ajiye a kan kanta ƙura ta rufe shi, hannu kawai zan miƙa. 'Yata tana ɗaki na kusa, da na kira ta na ce ta saurara da magana ta ƙare. Ban yi ko ɗaya ba, don kowanne daga cikinsu zai gaya mini abin da ba na son ji.

Na narkar da dalma na cire tiranzistar, na sa sabuwa. Ban ji canji ba, sai na murɗa ɗan maɓallin daidaita hayaniya da ke kan fanel, wato falankin da ake manna kayan lantarki a kai, har sai da wani abu ya fara isowa kunnena. Na koma kan farantan ƙarfe na canza kafasitocin matatarsu da wasu masu wata ƙima dabam, don sautin ya sauko inda nake iya kama shi. Wato na gyara injin ya dace da kunnen da ya lalace. Da yamma na share tebur, na tattara guntayen waya da tsofaffin kayan da na cire na zuba a shara, kamar yadda na saba kullum.

Da mutumin ya dawo na kunna masa ina murmushi. Ya danna maɓalli, kiɗa ya tashi, na ga ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. Ya kashe, ya sake kunnawa, ya kashe. Ya daɗe yana kallon injin kafin ya ce, "Malam, me ka yi masa?" Na fara bayanin batura. Ya ce, "Ba wannan ba. Muryarsa. Wannan ba muryarsa ba ce." Na ce ai tsarkiyar ce ta mutu na tayar da ita. Ya ce jiya-jiyan da zai kawo shi ya buga shi, tsarkiyar lafiyarta ƙalau. Sai ya tambayi kayan da na cire. An kwashe sharar kwana huɗu da suka wuce.

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya zauna a kujera ya dafe kansa, ya ce da wannan sautin yake tuna yayansa. Na fi son a ce ya mare ni.

A daren nan na gaya wa maiɗakina komai, tun daga kukan gyare na wata na uku. Ta ce ta sani, yara ma sun sani, jira suke in faɗa da bakina. Cikin makon na je aka auna jina. Ana sa wa mutum abin sauraro a kai, a riƙa sako sauti daga na ƙasa mai amo sau 250 a daƙiƙa har zuwa na sama mai amo sau 8,000, yana danna maɓalli in ya ji. Na ƙasa na danna su duka. Da aka haura sai na zauna riƙe da maɓallin ina jira, ina ganin ma'aikaciyar ta gilashi tana rubutu, na gane ana ta sakowa ni ne ba na ji. Aka ce mini abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma da na yi magana da wuri da wataƙila an ceci wani abu. Ban ga laifin kowa ba. An tambaye ni, ni na ɓoye.

Wata biyar ban taɓa ƙarfen narka dalma ba. Labari ya bazu a tsakanin masu irin waɗannan injuna, waɗanda dama ba su da yawa kuma duk sun san juna, aiki ya ɗauke. Ko da bai ɗauke ba ba zan iya ba. Nakan shiga ɗakin aiki in zauna in kalli injin mutumin, don ya bar shi a wurina ya ce ba zai iya kai shi gida a haka ba. Na yi tunanin sayar da kayan aikina in nemi wata sana'a. Na fara amfani da na'urar taimaka wa ji, ta dawo mini da hirar iyalina, alhamdu lillahi, amma ita tana ƙara wani sauti ta danne wani don magana ta fito, saboda haka ba a yanke hukuncin muryar inji da ita.

'Yata ce ta fito da ni. Tana da shekara sha shida a lokacin. Wata rana ta shigo ta sauko da osiloskof daga kanta, ta goge shi da gefen mayafinta ta ajiye a gabana, ta ce, "Baba, kai ka duba, ni in saurara."

Haka muka fara, kuma sai na ga ashe sabon koyo ne gaba ɗaya. Da can kunne ke kai ni wurin ciwo kai tsaye, in tsallake matakai. Yanzu dole in bi hanya daga tushe. Ina fara da wutar da ke ciyar da injin, in tabbatar bolt 15 na fositif da bolt 15 na negetif da bolt 5 na ƙwaƙwalwarsa duk suna nan daram, kuma layinsu a allo a miƙe yake, don in ya yi tudu-tudu sau 100 ko 120 a daƙiƙa to manyan kafasitoci sun bushe. Kafin ma in sa filogi ina karanta bayan injin, saboda waɗanda aka ƙera don kasuwar Japan bolt 100 suke ci, in aka ba su 220 taransfoma ta tafi. Daga nan in bi ɗan zungurin wutar da ke tayar da kowace murya, in ga ya iso ko bai iso ba. In ya iso murya ba ta tashi ba, ciwon na cikin da'irarta. In murya na fita ta ramin fitarta na kanta amma ba ta cikin haɗakar, sau da yawa datti ne a ƙarfen cikin ramin, ba abin da ya ƙone. In abu na zuwa yana ɗaukewa, ina ƙwanƙwasa fanel a hankali da ɗan tsinken katako ina kallon allo, inda layi ya yi tsalle nan dalma ta tsage. Duk waɗannan na san su a da, amma ina ganin na wuce su.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne injin mutumin. Kafasitocin farantan ƙarfe ba su ba mu wahala ba, zane ya nuna ƙimarsu, na nemo irinsu na mayar. Tiranzistar ce. Na tara tsofaffin tiranzistoci masu lamba irin tata, 2SC828, daga matattun rediyoyi da rikodoji, na haɗa 'yar da'irar gwaji mai soket don kada in riƙa ƙona fanel ɗin da zafi. Mutumin ya turo mana wani tsohon kiɗa da suka naɗa da yayansa, inda akwai wurin da ƙaramar ganga ke bugawa ita kaɗai. Muka sa shi a kwamfuta ta zana mana yadda ƙarfin sautin ya rarrabu daga ƙasa zuwa sama. Kowace tiranzista in soka ta, in kalli zanenta kusa da wancan, 'yata kuma ta rufe ido ta saurara. Wasu shiru suke, ba su da hayaniyar kirki. Wasu hayaniyarsu na fashe-fashe kamar mai a kasko. Takan ce, "Wannan ta cika kaifi, Baba," ko "Wannan kamar tana da mura." Ina rubuta kalmominta kusa da abin da na gani a allo, har na fara gane yadda kaifi yake a ido da yadda mura take. Mun gwada fiye da arba'in kafin wata rana ta buɗe ido ta ce in sake buga wannan. Na sake. Ta ce, "Ta yi kusa sosai."

Na kira shi ya zo. Kafin in kunna na gaya masa gaskiyar da ban faɗa ba a karon farko, cewa ba injinsa ne ya yi ciwo ba, ni ne, kuma na san da alamar na rufe ido. Ya saurari injin ya daɗe. Ya ce ba ita ba ce, amma zai iya zama da wannan. Na ƙi karɓar ko sisi. Ya naɗe injin cikin bargonsa ya yi mini sallama da mutunci, kuma bai sake kawo mini aiki ba. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan yi.

Shekara bakwai ke nan. Aiki ya dawo a hankali, ba kamar da ba, amma ya ishe mu. Duk wanda ya kawo mini inji, kafin ya sauke shi nake gaya masa cewa ba na jin sautukan sama, da ido nake aiki da kuma kunnen wani, in bai gamsu ba ya kai wani wuri. Wasu suna juyawa, da yawa suna zama. Kafin in kwance ko dunƙule ɗaya sai na naɗi kowace murya a kwamfuta a gaban mai ita, don mu san yadda ta shigo. Ba na taɓa abin da ba a kawo kukansa ba sai na nuna wa mai shi a allo ya yarda. Masu cewa a canza duk kafasitocin inji don sun tsufa ina ba su haƙuri, na ɓangaren wuta da suka bushe zan canza, amma waɗanda ke riƙe da murya in suna aiki a bar su inda suke. Kuma duk abin da na cire, ko ƙonanne ne, ina manna shi a takarda in rubuta inda ya fito, in sa a ambulan in miƙa wa mai shi tare da injinsa.

'Yata ta tafi karatu, yanzu ƙaninta ne ke zama kusa da ni bayan makaranta. Shi ba ya rufe ido, sai dai ya karkata kai gefe guda. Jiya muna kan wani injin ganga, CR-78 na 1978, da batirinsa ya zuba a kan fanel. Da muka gama na ɗora tafin hannuna a kan lasifika na danna maɓalli, babbar ganga ta riƙa bugun hannuna, a allo kuma ga farantan ƙarfe suna tashi suna sauka a inda ya kamata. Na juya na ce, "Yaro, me ka ji?"